Masu kwana a bakin tasha, ina za su yi wanka?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina da shagon kayan masarufi kusa da tashar Kawo a Kaduna, duk safiya in na zo buɗewa sai na tarar da mutane kwance a barandar shagunan layinmu, wasu 'yan dako ne, wasu tsofaffi masu bara, wasu kuma 'yan ci-rani ne da kuɗin ɗaki ya gagare su. Jiya wani dattijo da nake saya wa shayi yake ce min rabonsa da wanka yau kwana 9, kuma wai abin da ya fi ci masa rai ya daina shiga sahu a masallaci don yana ganin yadda mutane ke matsawa daga kusa da shi. Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Mu biyar muka ce za mu haɗa kuɗi mu gina banɗaki ko ƙofa uku ne da ɗan wurin wanki. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan? Ta ina ake farawa?

Mai Gyaran Famfo:
Wa alaikumus salam, Allah ya saka da alheri. Ɗan uwa ginin shi ne mai sauƙi, bulo da siminti da kwano sati biyu an gama, ruwa ne aikin. In ka dogara da ruwan famfo ko 'yan ga-ruwa to wata ɗaya ba za a yi ba wurin zai koma abin da kai kanka ba za ka iya wucewa ta gabansa ba. Sai an haƙa rijiyar burtsatse a sa mata sola a ɗora tanki sama, sannan ramin masai ya yi nesa da rijiyar aƙalla mita 30 in fili ya ba da dama, in ba haka ba da damina ƙazanta ta bi ƙasa ta shiga ruwan, kun ga an jawo amai da gudawa kenan. Kuma ku ware albashin mai shara da kuɗin motar kwashe masai tun yanzu, na ga banɗakunan da aka gina da kyakkyawar niyya aka kulle su da kwaɗo saboda babu mai kula.

Maman Biyu:
Yayana duk lissafin nan naku ban ji an ambaci mata ba. Akwai mata masu bara da 'ya'yansu da ke kwana a waje wajajen Kano Road da bakin kasuwar Sheikh Gumi, namiji ko bakin kogi ya je ya watsa ruwa ya wuce, mace fa ina za ta tuɓe? Balle lokacin al'ada, ga tsadar audugar mata, wata tsumma take sawa kuma ba ta da inda za ta wanke ta shanya. Ƙofarsu ta zama daban, da sakata mai kyau ta ciki da fitila, mai kula da ɓangaren ma mace ce. Sannan batun wanki kar ku raina shi, yaron da ke da ƙazuwa ko kwarkwata in ya yi wanka ya mai da rigar nan dai an koma gidan jiya, sai an wanke kayan da ruwan zafi sun sha rana.

Baban Rigasa:
Ni a ganina kafin ku zuba kuɗi a gini ku fara da gidajen wanka na kuɗi da ke gefen tasha, ai suna nan da ruwansu da ma'aikatansu. Ku zauna da mai wurin ku buga ƙananan tikiti ku riƙa rabawa da sabulu da soso, ƙarshen sati ya ƙirga ku biya shi, daga nan za ku san mutum nawa ne ke zuwa da gaske. A San Francisco ta Amurka wata ƙungiya Lava Mae a 2014 tsohuwar motar bas suka mayar wurin wanka suna bin mutane inda suke, amma su suna jona ta ne da famfon 'yan kwana-kwana na bakin titi, mu nan da me za mu jona. In kun zo yin ginin kuma ku fara ganin mai unguwa da shugabannin tasha saboda maganar fili.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai. Hajiya wallahi ko kaɗan mata ba su zo mana a rai ba, zan kai wa sauran maganar yau bayan la'asar. Tikitin za mu gwada na wata ɗaya, da hunturu ma sai mu ƙara kuɗin ruwan zafi saboda tsofaffin. Mai famfo zan neme ka ka zo ka duba mana wani fili a bayan layinmu, ban sani ba ko zai kai mita 30 ɗin.