Kaki ranar Asabar, ofis ranar Litinin: wa ya taɓa yi?

Babban Yaya: Jama'a, ƙanena yana Amurka, yana da aikinsa, yanzu kuma wai sojan ko-ta-kwana zai shiga. Waɗanda suka yi, ko suka zauna da mai yi, don Allah ku gaya mana gaskiya. Abin yana haɗuwa?

Direban Tirela: Yaya, shekara 6 na yi a National Guard, wato rundunar sojan ko-ta-kwana ta jihohin Amurka. Wajen ɗauka za a ce maka ƙarshen mako ɗaya a wata, mako biyu a shekara. Haka ɗin ne, sai ranar da waya ta yi ƙara. Gwamnan jiha na iya kiranku in an yi ambaliya ko gobarar daji, gwamnatin tarayya kuma na iya tura ku waje, kamar yadda aka kai da yawa Iraƙi da Afganistan. Ni ambaliya ce rabona: kwana 11 muna jera buhunan yashi, ruwa iya gwiwa, safata ba ta taɓa bushewa ba. Akwai dokar 1994 da ta hana a kore ka daga aiki saboda kiran soja, amma ba ta hana manaja ɗaure fuska. Da na dawo, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa.

Nas a Ingila: Namu da sauƙi. Har 2014 Territorial Army ake ce masa, yanzu Army Reserve. Kwana 27 nake bayarwa a shekara, in na cika a ba ni ladan da ba a cire masa haraji. Ɗaure jijiya don tsayar da jini cikin duhu, a atisaye na ƙware, ba a asibiti ba.

Injiniya: Abokin aikina ɗan Switzerland ne. Ya yi horon soja na mako 18, yanzu lokaci-lokaci sai ya ɓace mana mako 3, ya koma horo. Bindigarsa na gida, amma babu harsashi. A wurinsu ba abin magana ba ne, mu ne dai ke kwasar aikinsa.

Maman Biyu: Duk kun yi maganar masu kakin, ba wanda ya tuna da mu. Wata 9 maigidana ya yi a waje. Yara, makaranta, motar da ta mutu a hanya, duk ni. Matan sojan dindindin suna bariki, suna da juna, ni kuwa a layinmu ba wanda ya san ma yana soja. Da ya dawo, ƙaramar 'yarmu ɓuya ta yi a bayana, sai da ya tuɓe kakin ta yarda ya ɗauke ta. Malam, ƙanen naka yana da iyali?

Babban Yaya: Wata 4 ke nan da aurensa, Hajiya.