Gwaji biyu, amsa biyu: yarona na da amosanin jini ko a'a?

Maman Abba: Salamu alaikum ƴan uwa. Kaina ya kulle, ku taimaka mini da shawara. Yarona wata 16 gare shi. Tun yana wata takwas yakan tashi da kumburin hannu da ƙafa, yatsun su yi suntum, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Gwaggo, wato uwar mijina, ƙanwar babana ce, ta ce haƙori ne. Daga baya ta ce iska ya gamu da ita don na fita da shi da magariba ranar wani suna a Tibiri. Alhali ita ta matsa in je, wai kar dangi su ce ta hana ni zumunci, har kuɗin kabu-kabu ita ta ba ni, yanzu kuma laifin ya dawo kaina. A watan Agusta masassara ta kwantar da shi, aka ƙara mishi jini leda guda. Can asibitin suka yi gwajin Emmel, na amosanin jini, suka ce akwai. Bayan sati uku muka yi babban gwajin a wani labo, takarda ta fito AS. Baban Abba ya ce magana ta ƙare, AS ba ciwo ba ne. To shekaranjiya hannun ya sake kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa. Wace takarda zan gaskata?

Tsohon Majo: Ƴata, ko ɗaya ba ta yanke hukunci ba. Emmel yana nuna akwai S, wato ƙwayar gadon amosanin jini, a jini ne kawai, mai AS (wanda ke ɗauke da ita kawai) da mai SS (mai ciwon) duk haka yake fito musu. Elektoroforez kuwa, wato babban gwajin, kun yi shi ba a kan lokaci ba. Sati uku bayan ƙarin jini, jinin wanda ya ba shi na nan yana yawo a jikinsa, shi na'ura ta karanta ta ce A. Sai an yi kamar wata uku a sake. Kuma AS ba ya kumbura hannun jariri. Ke da maigidanki kun yi gwaji?

Hajiyar Sabon Gari: Allah ya ba shi lafiya. Ku tsallaka Katsina mana, ga ta nan kusa. In ta kama ku wuce Kano, asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin jini.

Tsohon Majo: Hajiya, wannan ciwo ba na zuwa sau ɗaya ba ne. Akwai cibiyar amosanin jini ta ƙasa a Yamai, a buɗe mishi fayil can, a riƙa bibiyarsa a nan Maraɗi.

Hajiyar Sabon Gari: Yamai fiye da kilomita 600, da yaro marar lafiya a cikin kar? Baba Majo, faɗa da baki ba wuya.

Ɗan Tasawa: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar maganar jini. Ranar da ɗan yayana ya galabaita, ƙarfe biyun dare muna ta bugun waya muna neman mai O, abokan da muke shan shayi tare kowa ya kashe waya. Mutanenmu in ka ce su ba da jini kamar ka ce su ba da ido.

Ummi: Ni gwajin nan ya raba ni da wanda ya riga ya kawo kaya, shekara uku ke nan, har yau danginsa ba sa amsa gaisuwata. Ku da aka yi muku auren gida ma ba wanda ya tambaya.

Maman Abba: Don Allah kar a sa maganar auren zumunci a ciki. Yayyena biyu duk na gida suka yi, ƴaƴansu lafiya lau. Maganar kuɗin tafiya kuwa, Baban Abba ba rowa gare shi ba, kuɗinsa na cikin aya, bai sayar ba tukuna.

Inna Mai Koko: Ki dafa mishi zogale, ki haɗa da sirop ɗin ƙarin jini na farmasi. Jikana da shi ya murmure.

Tsohon Majo: Zogale abinci ne, ta ba shi. Sirop mai sinadarin ƙarfe kuwa kar ta saya sai lokotoro ya rubuta. Mai amosanin jini ba ƙarfe ya rasa ba, ƙwayoyin jininsa ne ke fashewa da wuri, shi ya sa idon ke canza launi. Abin da ake ba su folik asid ne, da fenisilin kullum har shekara 5, da rigakafi, da gidan sauro, da ruwa da yawa. Ki sa a koya miki taɓa saifarsa ta gefen hagu. In ta kumbura farat ɗaya, ko jiki ya kai 38.5, ko tafin hannu ya yi fari, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Da wannan idon ma ni gobe zan kai shi, ba zan jira watan Nuwamba na sake gwajin ba. Kuma ba ki amsa mini ba, kun yi gwajin? In ku biyu AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS.

Maman Abba: Ni na yi a awon ciki, AS ce. Shi ya ce ba ya yi, duk gidansu ba mai wannan ciwo, kuma ba zan iya tsare shi gaban Gwaggo ba. Hannun ma yau ya ɗan saɓe, ya ci tuwo. Ina ganin mu bari ya sayar da ayar.

Tsohon Majo: Saɓewar ba warkewa ba ce.

Hajiyar Sabon Gari: Ni dai na ce Katsina.

Maman Abba: Na gode duka. Wata tambaya, ina da ciki wata huɗu, Baban Abba ma bai sani ba. Shi na cikin ana iya gane nashi tun yanzu, ko sai an haihu?