Neman gidan haya mai sauƙin kuɗi a ƙaramin gari

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari, ina neman ciki da falo da zan zauna da yarana biyu, alhali albashina bai taka kara ya karya ba. Na shafe makonni uku ina duba tallace-tallace a intanet, amma ɗan abin da na gani duk ya fi ƙarfina. Don Allah, ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. A ƙaramin gari yawancin masu gidaje ba sa tallata su, domin kafin mai fita ya gama kwashe kayansa, labari ya riga ya isa kunnen wani. Ki sanar da abokan aikinki da masu shagunan unguwa abin da kike nema, sannan ki taka da ƙafarki ki zaga. Game da kuɗi kuwa, ma'aunin da masana harkar gidaje suka saba amfani da shi shi ne kada haya ta cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Ni dai a ganina, gara ki haɗa kuɗin wuta da na ruwa a cikin wannan lissafin.

Mai Ɗinki:
'Yar'uwa, arha ta taɓa ruɗa ni. Na kama gida a bayan gari, sai kuɗin mota zuwa aiki da makarantar yara ya haɗiye duk rangwamen da na samu. Ranar da na je dubawa na ga tabon ruwa a silin, dillali ya ce tsoho ne, na yarda. Ruwan farko da aka yi, a kan katifarmu ya sauka. Ki buɗe famfo da hannunki, ki tambaya ko mitar wuta ta haɗaka ce, kuma kada ki ba da kafin alƙalami ko la'ada sai kin ga mai gidan ido da ido, an rubuta yarjejeniyar da ta fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara, an kuma ba ki rasit.

Maman Biyu:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. Wata abokiyar aikina ta ce maƙwabcinta zai tashi a ƙarshen wata, saboda haka gobe zan je in duba silin da famfo kafin a yi maganar kuɗi.