Yaro ya ci BAC a Maraɗi: Kano ko Accra don koyon Ingilishi?

Baban Nafi'u: Salamu alaikum. Ɗana ya ci BAC bana, wato jarrabawar kammala sakandare ta Nijar, injiniya yake son karantawa a Najeriya. Ingilishinsa na kwalej ne, yana gane rubutu amma baki ba ya buɗewa. Kano zan kai shi shekara guda ko Accra?

Malam Sani Zariya: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Jami'o'inmu takarda suke dubawa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Ingilishi da lissafi a ciki, C6 ko sama. A fassara takardun BAC ɗin, a kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance, sannan a bi ta JAMB.

Mushe Damagaram: Kano a'a. Daga Kurmi har ɗakin kwana Hausa zai yi ta zubawa. Accra.

Ɗan Zango: Mushe, ka san unguwar Nima ta Accra kuwa? Waakye ma, shinkafa da waken Ghana, da Hausa zai saya 😂

Hajiya Rabi: Matsalar a zuciya take. Ɗan Arewa yana jin kunyar Turanci gaban abokai, kar a ce yana iyayi. Ɗan Nijar kuwa yanzu da ɗoki yake zuwa, tun da a Maris 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Amma Faransanci na bin sa: yana haɗiye "h", hungry ta zama angry, yana danna ƙarshen kalma, library ya ɗauka shagon littattafai ne kamar librairie. Ga namu na Hausa, pan da fan. Takarda ta uku ta Ingilishi a WAEC wannan take kamawa, sautuka da wurin danna kalma. Minti 30 na sauraro kullum, ya maimaita da ƙarfi, ya naɗi muryarsa a waya ya ji kansa.

Gaskiya Ɗaci: Ku bar zancen sauti. Ƙananan cibiyoyin koyar da Ingilishin nan su ne bala'in. Su karɓi kuɗin wata shida, su tara yara arba'in duk 'yan Faransanci a ɗaki ɗaya, su ba su satifiket mai hatimin zinare da babu jami'ar da ke kallonsa. Yaro ya dawo da Pidgin, rajistar WAEC ta wuce, shekara ta tafi.

Mushe Damagaram: Duk da haka Accra ba ta fi Kano tsada sosai ba.

Malam Sani Zariya: Haba Mushe! Tun faɗuwar naira a 2023 mai sefa sarki ne a Kano. Haya kaɗai a Accra ta shekara ake nema gaba ɗaya.

Mushe Damagaram: Wanda bai taɓa koyar da ɗan lakwal, ɗan bokon Nijar, ba ya rage murya.

Ɗan Zango: To ai a Damagaram in an ce Turanci ma sai an tambaya wanne.

Gaskiya Ɗaci: Kano ɗin ma sai ya wuce Jibiya. Shinge nawa ne tsakanin Ɗan Isa da Katsina? Ka nuna katin ɗalibi da Faransanci, a ce ba a gane ba, sauko.

Baban Nafi'u: Wallahi wannan hanyar ita ma abin dubawa ce. Hajiya, wace tashar zai riƙa saurara?