Muhawara: Wanda ya haura 40, CCNA za ta amfane shi ko asarar dala ce?

Baban Ummi: Salam ƴan uwa. Shekarata 43, ina sashen ICT a wata ma'aikatar jiha, aikin dai gyaran firinta ne da saka Windows da jan kebul. Ina son in zauna jarrabawar CCNA, wato satifiket ɗin netwok na kamfanin Cisco, sai wani abokin aikina ya ce wai wanda ya haura 40 satifiket ɗin netwok asarar kuɗi ce kawai, yara kamfanoni suke ɗauka. Don Allah me kuka gani?

Injiniya Bala: Wslm yaya. Ka yi haƙuri amma ni ina bayan abokin naka. Jarrabawar CCNA ɗin, mai lamba 200-301, dala 300 ce, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuwa ka lissafa da kanka, a 2024 ta haura naira dubu 400, in ka faɗi ka sake biya daga farko, bayan shekara 3 kuma ta mutu sai ka sabunta. Mai iyali da kuɗin makarantar yara a wuyansa fa. Kuma a gwamnati ba ta ƙara maka lebul ko ɗaya, digiri da shekarun aiki da jarrabawar ƙarin girma ake kallo.

Hajiya Rabi: Injiniya ban yarda ba sam. Wa ya ce zai je ya yi layi da ƴan bautar ƙasa? Mutumin da ya daɗe yana fama da netwok ɗin ofis ai ba sabon shiga ba ne, takarda ce kawai ba shi da ita. Ni ina cikin masu tace takardun neman aiki a wajenmu kuma wlh ba ni da lokacin gwada kowa, in an ce ana son mai CCNA ban gan ta a takardarka ba gefe nake sawa ko da kai ne gwanin gwanaye. Ga maganar kwangila kuma, sau da yawa sai an nemi takardun ƙwarewar ma'aikatanka kafin a ba ka aikin.

Sadiq: Ni fa a ganina netwokin ɗin ma ya tsufa, Baba ka yi AWS (kilaud ɗin kamfanin Amazon) ko tsaron intanet kawai, can kuɗin suke

Malam Iro: Sadiq yaro man kaza. Ka taɓa buɗe VPC, wato netwok ɗinka na kanka, a AWS? Abu na farko da zai tambaye ka shi ne CIDR, wato yadda ake yanka adireshin IP. In ba ka san cewa /24 adireshi 256 ne, /26 kuma 64 ba, a nan za ka tsaya kana kallon allo. Mai tsaron ma me zai tsare in bai san yadda bayanai suke bi daga wannan rauta zuwa waccan ba?

Sadiq: Toh na ji Malam, amma ai ilimin kake magana ba takardar ba

Injiniya Bala: Yauwa Sadiq, nan nake son a zo. Ilimin kyauta ne, manhajar gwajin netwok ta Packet Tracer kyauta Cisco take bayarwa ta shafinta na koyarwa NetAcad, ga irinta GNS3. Takardar ce mai tsada kuma masu haddace tambayoyin da aka sato sun zubar mata da mutunci. Na taɓa yi wa wani intabiyu, CCNA ɗinsa sabuwa fil, na ajiye masa suwic na miƙa masa kebul ɗin konsol na ce raba min VLAN biyu, wato ka kasa netwok ɗin gida biyu, ɗaya na akanta ɗaya na baƙi. Ya riƙe kebul ɗin yana jujjuyawa yana neman inda zai soka, ƙarshe ya ce wai a laftof ya saba yi.

Hajiya Rabi: Amma ka kira shi intabiyun ko? Me ya kawo shi gabanka in ba takardar ba?

Injiniya Bala: Hhhh Hajiya kin kama ni a nan. Amma dai ban ɗauke shi ba.

Malam Iro: Ni inda na bambanta da ku duka shi ne wacce takardar. Baban Ummi ka zaga otal-otal da makarantun kuɗi da ƙananan masu sayar da intanet a Kano ko Kaduna ka leƙa akwatin da ke manne a bango, na'urorin kamfanonin MikroTik da Ubiquiti za ka fi gani, Cisco sai bankuna da manyan kamfanoni. Tun da Starlink ta shigo Najeriya a Janairun 2023 mutane suna saye su rasa mai raba musu shi, a yi musu tikiti, a ƙayyade wa kowa gudunsa kar mutum ɗaya ya shanye da saukar da bidiyo. MTCNA, satifiket ɗin MikroTik, kwas ne na ƴan kwanaki, ka gama Juma'a Asabar ka fara karɓar aikin gefe ba tare da ka ajiye na gwamnati ba, wanda a shekarunka ban ba ka shawarar ka ajiye ba ko kaɗan saboda fansho. Ka karanta manhajar CCNA don ta fi zurfi, ƙa'idojin rauta da suwic irin su OSPF da STP duk suna ciki, jarrabawar kuma ta jira sai aikin gefen ya biya ta.

Hajiya Rabi: Sai dai fa mu a ofis ba kowa ya san MTCNA ba, CCNA kowa ya san ta. Kuma mutum in bai biya kuɗi ya sa rana ba karatun ba ya ƙarewa, yau biki gobe suna jibi ta'aziyya.

Baban Ummi: Wannan ta ƙarshen gaskiya ce Hajiya, littafin ya daɗe a kan firij ɗina. Malam Iro wace ƙaramar MikroTik zan saya in fara gwaji a gida?

Malam Iro: Nemi hAP lite ko ta hannu ce, manhajar da ke cikinta, RouterOS, iri ɗaya ce da na manyan. Ka sauke Winbox, manhajar saita ta, kafin ta iso.

Injiniya Bala: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya nuna min ɗan 43 da CCNA kaɗai ta sauya wa albashi ba. In akwai a kawo shi nan mu ji daga bakinsa.