Fim ya faɗi, kiɗansa bai faɗi ba: a taimaka da sunaye

Tela, Garwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ina kan keke ina gama wata riga, ƙanena ya kunna wani tsohon fim na 'yan fashin teku, Cutthroat Island. Ban ko ɗaga kai ba, amma sau biyu ina cire ƙafa daga keke don in saurara. Ƙahonni na kira, goge na amsawa kamar runduna ta taso. Ƙanena ya ce fim ɗin ma asara ya yi. To irinsa nake nema: wanda aka raina, amma kiɗansa na manya ne.

Kawu Direba, Kuseri: Wa alaikumus salam. Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba. Na 1995 ne, John Debney ya rubuta kiɗan, makaɗan London Symphony suka buga. An zuba kusan dala miliyan 100, ko rubu'i bai dawo ba, kuma a shekarar ne kamfanin Carolco da ya yi shi ya durƙushe. Amma har gobe masu tara faifai na neman kiɗan.

Daga nan ka nufi mai rubuta kiɗa Jerry Goldsmith, wanda ya rasu a 2004. Ban san wanda ya kai shi yi wa raunanan finafinai gata ba. Nemi King Solomon's Mines na 1985, wanda aka ɗauka a Zimbabuwe, sai Supergirl na 1984. Ka san mai kiɗa galibi a ƙarshe ake kiransa, bayan an gama ɗauka an yanke an haɗa, a ba shi 'yan makonni. Inda ɗan wasa ya kasa sa ka ji tsoro ko tausayi, shi ake jira ya cike. Shi ya sa sau da yawa raunin fim ke ƙara masa aiki, ya fito da duk abin da ke cikinsa. Kamar mai gangar noma ne a gayya: ko gonar fako ce, ba ya sassauta hannu.

Auta, Njamena: Kawu barka da dare. Ni nawa Lion of the Desert ne, na Umar Mukhtar, gwarzon Libiya da ya yaƙi mulkin mallakar Italiya. Maurice Jarre ya yi kiɗan, shi ne kuma na The Message. Sannan The Last Airbender na 2010, wanda kowa ya kushe, amma James Newton Howard ya yi abin a yaba, musamman wajen ƙarshe inda ruwan teku ke tashi.

Malama, Marwa: Auta, na biyun na yarda. Na farkon kuwa ban yarda a sa shi cikin waɗanda aka raina ba. Kuɗi ne bai kawo ba, har Italiya ta hana nuna shi, amma a nan wane gida ne ba a san Umar Mukhtar ba?

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye: The Roots of Heaven na 1958, na John Huston. Labarin a Chadi yake, lokacin ana kiran Njamena Fort-Lamy, kan wani Bature da ya tashi haiƙan don hana kashe giwaye, kuma a nan yankinmu aka zo aka ɗauke shi cikin tsananin zafi. Bai samu karɓuwa ba. Amma Malcolm Arnold ne mai kiɗan, lokacin bai daɗe da karɓar kyautar Oscar ba saboda The Bridge on the River Kwai. Daga baya makaɗan birnin Mosko sun sake buga shi, kamfanin Marco Polo ya fitar. Kiɗan Turawa ne tsantsa, kada ku sa ran jin algaita ko kalangu. Sai dai ranar da na fara jinsa, hanyar gandun dajin Waza ce ta faɗo mini a rai, lokacin muna yara aka kai mu ganin giwaye, ƙura ta tashi da yamma suna tafiya a jere. Sau uku na maimaita shi a daren.

Tela, Garwa: Allah ya saka, Malama. To ta ina ake samu? Abin da na sauke a waya, da an zo wurin manyan goge sai ya riƙa ƙara kamar rediyo mai mataccen batir.

Kawu Direba, Kuseri: Lasifikar waya ba ta ɗaukar sauti mai kauri, can kuwa rabin daɗin yake. Fara da abin sawa a kunne mai kyau, ka kuma daina sauke wanda aka matse ƙwarai don tsimin data. In faifai kake so, akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu: Intrada da La-La Land da Varèse Sarabande a Amurka, Quartet a Sifen, Music Box a Faransa. Kaɗan suke bugawa, in ya ƙare sai a hannun wani da tsada. Ni ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Faransa ke riƙo mini in zai zo hutu. Ka kiyayi na bakin kasuwa. Na taɓa sayen wani, bango mai kyau, na isa gida na tarar sautin fim ɗin aka kwafa da surutu da harbin bindiga. Ka kuma kiyayi rana. Faifan kiɗan Krull na 1983, wanda James Horner ya rubuta bai cika shekara 30 ba, na bar shi gaban mota a watan Afrilu, na dawo daga sallar azahar na same shi ya lanƙwashe. Har yau ban sami wani ba, kuma abin na raina.

Auta, Njamena: Ayya Kawu. Zan sa ido, in na ji mai shi zan faɗa muku.

Kawu Direba, Kuseri: Allah ya yi albarka. Tela, ranar Alhamis zan bi ta Garwa zuwa Ngawundere ɗaukar kaya. Zan riƙo maka Goldsmith guda biyu, ka ji su a natse, in na juyo in karɓa. Turo mini kwatancen shagonka ta waya.