Gasket ɗin Golf 3 ya ƙone: zan iya canza shi da kaina a gida?

Mai Jar Golf:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan motata, Golf 3 ƙirar 1996 mai injin 1.8 da bawul takwas. Makon jiya a hanyar Zariya zuwa Kano allurar zafi ta haura har ta kusa ja, ni kuwa na ci gaba da tafiya ina cewa bari dai in kai Kwanar Dangora. Tun daga ranar ruwa ke raguwa ba tare da na ga ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi yana fita ta salansa ko bayan injin ya ɗumama, sannan a cikin murfin baƙin mai na tarar da wani kumfa mai kalar shayi da madara. Ni ba bakanike ba ne, amma ni nake yi mata juyen mai, kuma na taɓa canza taimin bel da hannuna. Shin wannan aiki ne da zan iya yi a ƙofar gida, ko kuwa ganganci ne?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alamomin da ka lissafa na ƙonewar gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda (saman injin) da bulok (gangar jikin injin), kuma wanda ya iya taimin bel zai iya wannan aiki idan yana da haƙuri. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Zafi ne ya ƙona shi, kuma zafin nan bai tsaya a kansa ba. Tof silinda na wannan injin na alminiyam ne, bulok kuwa ƙarfe ne, saboda haka idan suka yi zafi fiye da ƙima tof ɗin ne ke lanƙwashewa, kuma ido ba ya ganin lanƙwasar. Idan ka sauke shi, ka kai wa masu injin goge tof su ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe su auna. Abin da ya wuce milimita 0.1 sai an goge. Ka roƙe su su duba maka tsaga, musamman tsakanin mazaunin bawul. Na sha ganin wanda ya tsallake wannan mataki don gudun kashe kuɗi, bai yi wata guda ba ya dawo da ciwon jiya.

Kusoshin tof guda goma ne, masu kai mai haƙora goma sha biyu, don haka sai ka nemi soket ɗinsu tun kafin ka fara. Wajen kwancewa, a bari injin ya huce sarai, a fara daga na gefe a nufi tsakiya, ana sassautawa kaɗan-kaɗan. Wajen ɗaurewa akasin haka ake yi, daga tsakiya zuwa gefe, kuma a zagaye huɗu: na farko Nm 40 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a kan sifana mai awo), na biyu Nm 60, sannan juyi na digiri 90, sai wani digiri 90 a zagayen ƙarshe. Irin waɗannan kusoshi miƙewa suke yi idan an ɗaure su, shi ya sa ba a maimaita tsofaffi. Kafin ka dasa sabon gasket, ka tsane ramukan kusoshin da tsumma a kan siririn tsinke har sai ya fito a bushe, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ramin yana iya tsaga bulok idan kusa ta danne shi.

Direban Kano Zuwa Katsina:

Ranka ya daɗe, ban ƙi maganarka ba, amma mu da muke kan titi kullum mun ga an ɗaure tof da sifana da bututun ƙarfe, an mayar da tsofaffin kusoshi, mota kuma ta yi shekara tana lodi. Ni abin da zan ƙara wa mai tambaya shi ne ya binciki abin da ya jawo zafin tun farko. A Golf 3 akwai bakin ruwa na roba a jikin tof wanda ke tsagewa idan ya tsufa, akwai kuma makunnin fanka da ke jikin lagireto, wanda idan ya mutu fanka ba za ta tashi a cunkoso ba.

Tsohon Bakanike:

Gaskiyarka a kan bakin ruwan da makunnin fanka, kuma ya haɗa da famfon ruwa da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, kada ya cire shi ya yar kamar yadda aka saba yi a garejojinmu. Amma batun ɗauri da bututu, wanda ya shekara ashirin yana yi hannunsa ya san nauyin, shi kuwa wannan bawan Allah karonsa na farko ke nan. Ya ari sifana mai awo ko ya yi hayarta na yini guda. Sannan ya daina zuba ruwan rijiya zalla, domin shi ke cinye alminiyam a kewayen hanyoyin ruwa. A gauraya da ruwan sanyaya inji. Bayan an haɗa, a zubar da baƙin man da ya sha ruwa tare da filtarsa, a kuma juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar alamomin taimin sun dawo daidai, har da na distirbuta, kafin a taɓa makulli.

Mai Jar Golf:

Allah ya saka muku da alheri. Da safiyar nan na kunna ta na tsaya a gaba ina kallo har allura ta wuce rabi, fanka ko motsi ba ta yi ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in sayo gasket da kusoshi da makunnin. Tunda tof ɗin zai kwana biyu a wurin masu gogewa, ga kuma ƙurar hunturu, da me ya fi dacewa in rufe bulok ɗin kafin ya dawo?